An ce ba a neman biza, amma an hana yaro hawa jirgi: mene ne wannan izinin na intanet?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani ku warware min wannan, tun shekaranjiya raina yake a jagule. Ƙanwata ce za ta kai yaranta biyu Ingila wurin babansu da ke karatu a can, su yi hutun Sallah tare. Ita da babbar 'yarta koren fasfo gare su, sun sha ɗawainiyar neman biza, Allah ya sa an ba su. Ƙaramin kuwa a Amurka aka haife shi, yana da fasfon can, kuma abin da muka sani tun da shi ne mai fasfon Amurka ba ya neman bizar Ingila in ziyara za shi. Muka raka su filin jirgin Malam Aminu Kano, akwatuna suna kan sikeli, ma'aikaciyar kanta ta gama da fasfon uwar da na yarinyar, ta zo kan na yaron. Ta saka a na'ura, ta sake sakawa, sannan ta ɗago ta ce ina ETA ɗinsa. Wallahi ranar muka fara jin wannan suna. Maigidana ya koma gefe da waya yana ta fama, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, katin banki ya ƙi biya, har aka rufe kanta muna tsaye. Yaro ɗan shekara huɗu ya rungume 'yar jakarsa ta goyo yana tambayar yaushe za a shiga jirgi. Mun dawo da su gida, kuma sai an biya kuɗin sauya tikiti uku. Tambayata ita ce: in har sai ka nemi izini, ka biya kuɗi, kuma za a iya hana ka, to mece ce marabarsa da biza? Ba suna kawai aka sauya ba?

Ɗan_Kwari77:
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Ni a wurina ba cinya ba ce, ƙafar baya. Biza ce suka sa mata sabuwar riga don su ƙara samun kuɗi.

Bakano_a_Manchesta:
Wa alaikumus salam. Yaya, sannu da haƙuri, abin da ciwo, musamman ga yaro. Bari in faɗi yadda abin yake, don ina nan ƙasar kuma baƙina da yawa sun cika shi. ETA izinin tafiya ne da Birtaniya ta ɗora wa mutanen da ba ta neman biza a wurinsu. Da 'yan Qatar aka fara a ƙarshen 2023, sauran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf irin su Saudiyya da Kuwait da Oman suka biyo a Fabrairun 2024. Masu fasfon Amurka da Kanada da Ostireliya ya hau kansu daga 8 ga Janairu 2025, 'yan Turai kuma daga 2 ga Afrilu 2025. Da farko fam 10 ne, a Afrilun 2025 ya koma fam 16. Yana yin shekara biyu, ko zuwa ranar da fasfon ya ƙare in ya riga ƙarewa, kuma a cikin wannan lokaci ana iya shiga sau da yawa, kowace ziyara har wata shida. Kowa sai da nasa, har jaririn da ke goye. Abin da ya sa mutane da yawa ba su ankara ba, a shekarar farko an ɗan sassauta, wasu suna wucewa ba tare da shi ba. Daga 25 ga Fabrairu 2026 ne aka ce babu izini babu hawa jirgi. Ƙanwarki ta faɗo daidai lokacin da aka ɗaure igiyar.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙanena. To ita ma'aikaciyar ba ta da ikon ta yi mana uzuri ne? Ta ga yaro ƙarami, ga uwarsa da biza a hannu.

Tsohon_Ma'aikacin_Jirgi:
Hajiya ba ta da shi ko kaɗan, kada ki riƙe ta a rai. Na yi shekaru a kan irin wannan kanta kafin in ajiye aiki. Idan aka saka fasfo, bayanan suna tafiya kai tsaye ga hukumar ƙasar da za a je, amsa ta dawo cikin daƙiƙu: a ɗauke shi ko kada a ɗauke shi. In amsar ta ce a'a, na'urar ba za ta fitar da katin shiga jirgi ba, ko da shugaban tashar ne ya zauna a kujerar. Sannan dokar Birtaniya tana cin kamfanin jirgi tarar fam 2,000 a kan kowane fasinja da ya kai ba tare da cikakkun takardu ba, kuma shi zai ɗauki nauyin dawo da shi. Wannan ne ainihin abin da ya sauya. A da sai ka sauka a can jami'in shige da fice zai dube ka ya yanke hukunci. Yanzu sun ɗauko iyakar ƙasarsu sun dasa ta a gaban kantar da ke Kano. Kana tsaye a garinku, amma tuni kana bakin ƙofarsu.

Malamin_Kabuga:
Ɗan_Kwari77, ni ban yarda biza ce ba, kuma duk wanda ya taɓa neman bizar gaske zai ga bambanci. Bara na nemi ta Ingila ta wata shida don halartar taro. Fam 127 na biya, na tattara bayanan asusun banki na watanni, takardar wurin aiki, takardar gayyata, na je aka ɗauki zanen yatsuna da hoto, sannan na yi makonni ina jira. Shi wannan na yaron fa? A waya ake yi, a ɗauki hoton fasfo, a ɗauki fuska, a amsa 'yan tambayoyi kan aiki da ko an taɓa samun mutum da laifi, a biya. Yawanci cikin mintuna amsa take zuwa, ko da yake sun ce a ba su kwana uku na aiki. Babu mai tambayarka nawa ne a asusunka, babu mai cewa ka tabbatar za ka dawo gida. Mai neman biza ana ɗaukarsa ba zai dawo ba har sai ya kawo hujja. Mai neman wannan izini ana ɗaukarsa lafiya lau har sai an ga wani abu a kansa. Da za a ce gobe koren fasfo ya shiga wannan layi, da rabin Kwari sun yi sadaka.

Ɗan_Kwari77:
Malam na ji, sauƙi dai akwai. Amma ka amsa min wannan: in sun ƙi ba ka, za ka iya tafiya? Ba za ka iya ba. To duk takardar da in babu ita ba za ka hau jirgi ba, ni biza nake kiranta, ƙarama ce ko babba. Mu da muke zirga-zirgar Chaina da Dubai mun san kowace ƙasa da sunan da take ba wa shingenta.

Gimbiyar_Dala:
Ku gafarce ni, ni tambayata dabam. Mu masu koren fasfo zalla, za mu iya cika wannan ETA ɗin mu huta da wahalar biza? Wani a unguwarmu yana cewa yana yi wa mutane.

Bakano_a_Manchesta:
Gimbiyar_Dala, don girman Allah kada ki ba shi ko sisi. Najeriya ba ta cikin jerin, haka ma Nijar. Mai koren fasfo biza zai nema, babu wata hanyar baya. Haka ESTA ta Amurka, haka na Kanada, haka wanda Turai take shirin farawa. Duk an yi su ne don mutanen da tun da ma ba a neman biza a wurinsu. Mu ko yada zango a filin jirginsu, ba tare da ka fita waje ba, galibi sai da bizar wucewa, a Ingila da kuma ƙasashen Turai na yankin Shengen, sai dai in kana riƙe da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke maka. Duk wanda ya ce zai samo wa koren fasfo ETA ta Ingila, ko bai san abin da yake faɗa ba, ko kuɗinki yake so.

Mai_Kafe_Zoo_Road:
Bari in sa baki tunda sana'ata ce cika wa mutane fom. Maganar damfara da aka taɓo gaskiya ce, kuma iri biyu ce. Akwai na gida irin wanda Gimbiya ta faɗa. Akwai kuma shafukan intanet da suke yin kama da na gwamnati, da tuta da tambari da komai, su suke fara fitowa a sama in ka yi bincike saboda sun biya kuɗin talla. Wani Alhaji ya zo wurina watan jiya da takarda a hannu, ɗansa mai fasfon waje ya cika a irin wannan shafi, an cire masa kusan ninki biyar na kuɗin gaskiya. Shi ya yi sa'a ma sun tura masa fom ɗin da gaske, wasu kuɗin kawai suke kwashewa, ga bayanan fasfonka da na katin bankinka sun tafi hannun da ba ka sani ba. Abin da nake gaya wa kowa: na Birtaniya a shafin gov.uk ko manhajarsu mai suna UK ETA, na Amurka adireshin yana ƙarewa da .gov, na Kanada yana kan canada.ca. Ka duba adireshin kafin ka duba kyan shafin.

Sannan wajen cikawa, abu biyu ne suka fi kayar da mutane. Na farko lambar fasfo: a rubuta harafin O a wurin sifili, ko a tsallake lamba ɗaya. Izinin zai fito lafiya, ka yi murna, sai a filin jirgi a ce ba a gan shi ba, saboda a jikin lambar fasfo yake rataye, ba takarda ba ce da za ka riƙe. In ka yi wannan kuskure sai sabon fom da sabon biya. Na biyu, manhajar Ingila tana son a ɗora waya a kan bangon fasfo ta karanta ɗan abin da aka binne a ciki. A cire rigar wayar, a cire rigar fasfon, a kwantar da shi a kan tebur, a ɗora wayar a yi shiru har ta gama. Mutane suna ta jujjuya waya a iska su ce ta ƙi.

Uwar_Biyu:
Allahu akbar. Mai_Kafe, kamar kana wurin. Maigidana a tsaye yake, fasfo a hannun hagu waya a dama, ga rigar roba a jikin wayar. Ashe shi ya sa.

Ɗan_Wapa:
Maganar kati da ya ƙi biya, Hajiya, ba ku kaɗai ba ne. Tun 2022 yawancin bankuna suka rufe biyan kuɗin waje da katin naira. A 2025 wasu sun sake buɗewa, amma da iyaka, kuma ba kowane kati ba ne. Kafin ranar tafiya a gwada katin, ko a nemi mai asusun dala, ko shi maigidan da ke can ya biya da nasa. Ai ba dole ne sunan da ke kan katin ya zama na matafiyin ba.

Ɗalibin_Khartum:
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma ya shafi Kanawa da yawa fiye da yadda ake zato. Ni a Ingila aka haife ni lokacin mahaifina yana aiki a can, ina da fasfonsu, amma a Gwammaja na tashi, kuma a Sudan na yi jami'a, na gama kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Da aka gayyace ni wani taro a Amurka na ɗauka abu ne na minti goma, in cika ESTA in wuce. Sai na zo kan tambayar da ke cewa ko ka shiga ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe tun daga 1 ga Maris 2011: Iran, Iraƙi, Siriya, Sudan, Libiya, Somaliya, Yaman, Koriya ta Arewa. Na amsa gaskiya, aka ce ban cancanci ESTA ba, in je in nemi biza a ofishin jakadanci kamar kowa. Dokar tun Disambar 2015 take, daga baya aka ƙara wasu ƙasashen, har da Kuba. Na biya dala 185, na jira ranar ganawa, taron ya wuce ban je ba, bizar ta fito daga baya. Ku duba yawan 'ya'yan Kano da suka yi karatu a Khartum, ko suka je Sudan ziyara ko neman magani. Duk mai fasfo biyu a cikinsu wannan tambayar tana jiransa. Kuma kada wani ya ce zai ɓoye saboda da koren fasfo ya shiga Sudan. Tambayar kai ake yi wa, ba fasfon ba, kuma in aka kama ka da ƙarya abin ya fi ƙin ba da izini muni nesa ba kusa ba.

Malamin_Kabuga:
Wannan darasi ne babba, ban san da shi ba. Allah ya saka.

Ɗan_Kwari77:
To Malam ka gani? Ga mutum da fasfon da aka ce ba ya buƙatar biza, an tace shi tun yana ɗakinsa. In ba biza ba ce, rariya ce.

Hajiyar_Tarauni:
Ɗalibin_Khartum, ɗana, nawa ne ita ESTA ɗin yanzu? Jikokina biyu fasfon Ingila gare su, uwarsu tana son kai su Amurka wurin ƙanenta.

Ɗalibin_Khartum:
Mama, a ƙarshen Satumbar 2025 ta koma dala 40. Da aka wajabta ta a Janairun 2009 kyauta ce, a 2010 aka sa dala 14, a 2022 ta koma 21. Tana yin shekara biyu, kuma kowace shiga ba a wuce kwana 90, ba a ƙara wa'adin. Su da kansu sun ce a nema aƙalla awa 72 kafin tashi. Kowane yaro da tasa.

Anti_Nas:
In ƙara a kan maganar masu fasfo biyu, don mu ma saura ƙiris ta ritsa da mu. Wanda yake ɗan ƙasar Birtaniya ba ya neman ETA, ba ma zai iya nema ba. Amma sai ya nuna shaidar cewa shi ɗan ƙasar ne, wato fasfon Birtaniya mai rai, ko takardar haƙƙin zama da ake haɗawa da ɗaya fasfon. Ɗiyata fasfonta na can ya ƙare tun bara muna Kano, muka yi ta jan ƙafa wajen sabuntawa. Da na ji labarin tsaurarawar nan da gudu muka tura. Haka Amurka, ɗan ƙasarta da fasfonta kawai zai shiga ya fita. Iyaye a riƙa duba ranar ƙarewar fasfon yara, nasu shekara biyar kawai yake yi, sai ka ga ya ƙare ba ka ankara ba.

Mai_Zoɓo_Dawanau:
Kuna ta maganar Turai da Amurka, ni a nan Afirka na ɗanɗana abin, kuma da koren fasfona. A Disambar 2023 Shugaba William Ruto ya tsaya ya ce daga Janairun 2024 Kenya ta soke biza ga duk duniya. Muka yi murna, don ina da abokan ciniki a Nairobi da Mombasa. Da na tashi tafiya sai na tarar dole in cika izinin intanet kwana uku kafin tashi, in ɗora tikitin dawowa, in ɗora shaidar masauki, in biya kimanin dala 30. Mu 'yan Najeriya ma da sauƙi, don a da bizarsu ta fi haka tsada. Waɗanda abin ya fi ɓata wa rai su ne 'yan wasu ƙasashen Afirka da a da suke ɗaukar jaka kawai su shiga kyauta, sai ga shi ranar da aka ce an soke biza ita ce ranar da aka fara tsayar da su. Har a jadawalin buɗe ƙofa ga baƙi da Bankin Raya Afirka yake fitarwa, Kenya ta faɗo zuwa ta 46 cikin ƙasashe 54 a 2024. Surutu ya yi yawa, a 2025 suka ɗauke wa 'yan Afirka wannan izini, ban da Somaliya da Libiya. Tafiyata ta ƙarshe fasfo da katin rigakafin shawara kawai na nuna. Don haka ni ina tsakiya: Malamin_Kabuga ya yi gaskiya cewa ya fi biza sauƙi, Ɗan_Kwari ma ya yi gaskiya cewa shinge ne. Ya danganta daga inda ka fito. In daga biza aka sauko da kai zuwa gare shi, rahama ce. In daga shiga kyauta aka hau da kai, takura ce.

Direban_Maraɗi:
Allah dai ya bar mana hanyarmu ta ƙasa. Shekara ashirin ina ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, ban taɓa ganin an tambayi tsohuwa mai zuwa suna ta cika fom a waya ba. Tsorona kada wata rana wannan abu ya iso mana, tunda Nijar ta fita daga ECOWAS.

Tsohon_Ma'aikacin_Jirgi:
Direba, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ne a 29 ga Janairu 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin mutane su yi zirga-zirga har sai an yanke wata shawara. Yarjejeniyar 1979 ita ta ba mu kwana 90 ba biza a ƙasashen ƙungiyar. Tsoronka dai yana kan hanya, don irin wannan tsari da waya mai kyau da katin banki da iya karatun boko yake tafiya. Wanda ya tsara shi bai yi tunanin mai kai goro Damagaram ba.

Gimbiyar_Dala:
Mu fa Najeriya, muna yi musu irin wannan in za su zo mana?

Malamin_Kabuga:
Namu ya ɗan bambanta, don yawancinsu biza muke nema a wurinsu dama. Daga 1 ga Mayu 2025 gwamnati ta daina ba da biza a bakin sauka, ta koma bizar intanet da ake nema kafin a taso, aka kuma mayar da katin shiga da na fita na takarda zuwa intanet. Ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ne ya sanar. Manufar dai ɗaya ce da tasu: a san wanda zai zo tun bai taso ba. Kuma ba sabon abu ba ne a duniya, Ostireliya ta fara tun 1996. Kanada ta wajabta nata a 2016, dalar Kanada 7, shekara biyar, ga masu shiga ta jirgin sama. New Zealand ta bi a 2019, Koriya ta Kudu a 2021.

Ɗan_Kwari77:
Kanada dala 7 shekara biyar, Amurka dala 40 shekara biyu. Aiki iri ɗaya na'ura take yi. In tsaro ne kawai dalili, me ya kawo wannan rata? Shi ya sa nake cewa akwai neman kuɗi a ciki.

Bakano_a_Manchesta:
A nan kam ba zan yi maka musu ba, Alhaji. Ita Amurka ma ba ta ɓoye ba, wani kaso na kuɗin ESTA tallar yawon buɗe ido ake yi da shi. Turai ma nata, mai suna ETIAS, da farko Yuro 7 aka ce, tun ba a fara ba aka mayar da shi Yuro 20. An ɗage farawarsa sau da yawa, a 2025 suka ce watanni uku na ƙarshen 2026. Ƙasashe 30 zai shafa, zai yi shekara uku, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 70 za su cika amma ba za su biya ba. Uwar_Biyu, ki gaya wa ƙanwarki ta riƙe wannan, don ɗanta mai fasfon Amurka zai buƙace shi in za su Faransa ko Jamus bayan an fara. Amma yanzu ba a buɗe ba, duk shafin da ya ce a biya shi kuɗin ETIAS yau na ƙarya ne.

Mai_Kafe_Zoo_Road:
Kuma kada a haɗa shi da ɗayan da suka fara a 12 ga Oktoba 2025, na ɗaukar zanen yatsu da hoto a bakin iyaka maimakon buga hatimi a fasfo. Wancan ya shafi har masu biza irinmu, kuma ba a cika komai daga gida, a can ake yi.

Ɗalibin_Khartum:
Ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, bayanan ne. Tun 2016 fom ɗin ESTA yake da gurbin rubuta sunayenka na shafukan sada zumunta, in ka ga dama. A Disambar 2025 hukumar kwastan da tsaron iyakar Amurka ta fitar da shawarar a mayar da shi dole, na shekara biyar baya. Ka duba yadda muke rubutu a Facebook a kan Falasɗinu da siyasa da addini, da zuciya ɗaya, da Hausa, wani lokaci cikin fushi. Na'ura ce za ta fassara, ba wanda zai kira ka ya ce me kake nufi. A wurin biza aƙalla akwai mutum a bayan gilashi da za ka yi wa bayani. A nan in an ƙi ka, saƙo ne kawai zai shigo, babu dalili, kuma a na Birtaniya babu ɗaukaka ƙara, sai dai ka je ka nemi biza.

Anti_Nas:
Wannan gaskiya ne. Kuma ko an ba ka, ba shi ne shiga ba. Izinin hawa jirgi ne kawai, jami'in da ke can yana da ikon mayar da kai in bai gamsu da amsarka ba.

Malamin_Kabuga:
Anti, ai ita biza ma haka take, ba ta taɓa zama tabbacin shiga ba. Ni dai har yanzu ina ganin mu da muke cikin wahalar gaske bai kamata mu kira wannan biza ba. A Yulin 2025 yawancin bizar ziyara da Amurka take ba ɗan Najeriya ta koma shiga ɗaya, wata uku, bayan a da ana ba da ta shekara biyar. Ka kwatanta da mai biyan dala 40 ya yi shekara biyu yana shiga yana fita. Ba abu ɗaya ba ne.

Hajiyar_Tarauni:
Ni laifin masu sayar da tikiti nake gani. In ka karɓi kuɗin mutum na tafiya, ka ga fasfo uku, ɗaya launinsa dabam, ai haƙƙi ne ka ce masa ga abin da wannan yake buƙata. Uwar_Biyu, wanda ya yankar musu tikitin bai ce komai ba?

Uwar_Biyu:
Hajiya bai ce ba. Hoton fasfo uku muka tura masa, ya duba bizar biyu, ya ce na ukun ai ɗan gata ne, ba ruwansa da komai. Da muka kira shi daga filin jirgi shi ma mamaki ya yi. Ya ba da haƙuri, ya ce zai yafe ladansa na sauya tikitin. Ban ga alamar mugunta ba, rashin sani ne, amma mu ne muka kwana a ciki.

Tsohon_Ma'aikacin_Jirgi:
Ejan da yawa sun ƙware a Umara da Dubai da Chaina, a nan cinikinsu yake. Fasfon waje jefi-jefi yake zuwa musu, sai su yi aiki da sanin shekara biyar baya. Akwai rumbun bayanai da kamfanonin jirage suke dubawa, Timatic sunansa, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, kana saka ƙasar fasfo da inda za a je da inda za a yada zango zai faɗa maka abin da ake nema. Ka ce wa ejan ɗinka ya duba maka kowane fasfo dabam, kuma har da ƙasar da za a sauya jirgi.

Uwar_Biyu:
Alhamdu lillahi, ga labari. Yanzun nan muka zauna a falo muka bi yadda Mai_Kafe ya ce, fasfo a kan tebur, an cire wa waya riga, baban yaron ya turo lambar katinsa daga can. Wahalar ɗaya ita ce sa yaron ya tsaya cak a ɗauki fuskarsa, sai da yayarsa ta tsaya bayana tana nuna masa alawa. Ba a yi minti goma da turawa ba saƙo ya shigo imel cewa an amince. Ƙanwata har da hawaye. Jirginsu ranar Laraba in sha Allah. Amma har yanzu in aka tambaye ni biza ce ko ba biza ba, ban san me zan ce ba. Abin minti goma ne ya hana su Sallah da babansu.

Ɗan_Kwari77:
Barka Hajiya, Allah ya kai su lafiya. Ni dai ina nan a kan bakana.

Mai_Kafe_Zoo_Road:
Barka. A sake duba lambar fasfon da ke cikin saƙon a gwada da ta littafin, harafi da harafi, tun yau. Kuma in yaron yana da koren fasfo ma, ta tafi da duka biyun, koren za a nema a wurin jami'anmu wajen fita da dawowa.

Gimbiyar_Dala:
Mutumin unguwarmu da na faɗa, na je na gaya wa maƙwabciyata da ta riga ta ba shi kuɗin somin-taɓi da hoton fasfonta. Ya ce mata nasa na musamman ne, ta jira sati biyu. Don Allah wa ya san inda ya kamata ta kai ƙara, kuma hoton fasfon da ke hannunsa zai iya cutar da ita da shi?